Ɗigon Waldar da Na Yi wa Jak

Gulbin da ya ratsa bayan garinmu, tsakanin Gidan Rumji da Gidan Sori, yawancin shekara yashi ne zalla. Amalanke na bi ta cikinsa, ƴan moto na sauka su tura baburansu, mata na tona shi kamu biyu su ɗebi ruwa. Amma in damina ta kankama sai ya zo, kuma ba ya sallama. Sau da yawa sama tas take a kanmu, rana na dukan ƙeya, sai ka ji wani gunji can daga kudu. Ruwan da aka yi a ƙasar Katsina ne ya iso. Kafin ka ɗaure jaki ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa.

Faɗi gare shi, zurfinsa kuwa ba shi da alkawari. Nan idon sawu, can gwiwa, sai tsakiya inda yake shanye mutum har da hannunsa a ɗage. Yashin ƙasan ma tafiya yake yi. Tudun da ka taka jiya, yau rami ne. Tun kakanninmu da gora ake ƙetare shi. Masu fito su ba ka ƙaton gora ka rungume, su ɗora kayanka a ka, su tura ka suna iyo, ruwa na jan ku har ku fita can ƙasa da inda kuka nufa. Wanda ba zai iya ba ya jira, ko kwana nawa ne.

Ni mai walda ne. Gidanmu manoma ne tun daga Tibiri, ni kaɗai na bauɗe na kama ƙarfe. Kuma ina da zuciya, ban taɓa ɓoyewa ba: in aka ce mini abu ba ya yiwuwa, to ranar ko tuwo ba ya yi mini daɗi. Na yi wasu shekaru ina ci-rani a bakin Kwara, can yamma, ina gyaran injinan jiragen ruwa. Da zan dawo na taho da wani tsohon inji a ƙunshe cikin buhu, irin wanda ake rataya wa jirgi a baya. Na ce sai na raba mutanen garinmu da rungumar gora.

Da falalen ƙarfe na ƙera jirgin, gindinsa a shimfiɗe kamar faranti. Ranar gwaji gari ya fito. Na ja igiya, inji ya tashi, ban yi nisa ba sai ji na yi gurrr, jirgi ya cije. Ƙafar injin tana sauka kamu guda ƙasa da gindin jirgi, farfela kuwa a ƙarshenta take, sai ta shiga noman yashi. Kunnenta ɗaya ya lanƙwashe. Har damina ta wuce, duk wanda ya biyo ta rumfata sai ya tsaya ya tambaye ni ko garmar ruwa tana nan, wai yana da gona a fadama. Na haɗiye, amma ban manta ba.

Da rani na kife jirgin na yanke gindinsa ta baya, na yi masa wani kwari mai kama da indararon da aka kifa, tsawon kamu uku. Dabarar ita ce, in jirgi na tafiya, ruwa zai hau cikin indararon ya fito ta baya a tashe, sama da fuskar gulbi. Ke nan ana iya ɗaga inji, farfela ta rabu da yashi amma ta sami ruwan turawa. Saura sanin iyakar ɗagawar. In ka yi ƙasa, noma. In ka yi sama, farfela ta shaƙi iska ta yi ta juyawa a banza. Don haka na yanko farantan ƙarfe biyu masu kauri, ɗaya na liƙa wa jirgi, ɗaya na rataya masa inji, yana zamewa sama da ƙasa a jikin ɗan'uwansa. Tsakaninsu na sa jak ɗin wata matacciyar mota. Ka murɗa hannun jak dama, inji ya hau. Ka murɗa hagu, ya sauka. A gefen faranti na ja layi shida da zarto, yatsa biyu tsakanin kowanne.

Da ruwa ya dawo na fara gwaji, kullum da hantsi. Ba na son in nutsar da ɗan kowa, sai na cika buhuna da yashi a madadin mutane. Kunnena na kan kukan inji, idona na kan ɗan siririn ruwan da yake fitarwa ta gefe, wanda muke ce wa fitsarinsa. In ya yanke, inji ba ya samun ruwan sanyaya jiki, yanzu ya ƙone. A layi na uku farfela na taɓa yashi. Na huɗu lafiya lau, sai dai in na hau tudun da ruwa bai fi taƙi ba in ji tana karta. Na biyar kuwa, wayyo daɗi! Jirgi ya bi ta kan ruwan da ko akuya ba zai jiƙa wa gwiwa ba, ya wuce sumul. Amma ina karya kwana sai injin ya ƙwala wata ƙara, irin ta injin niƙa in hatsi ya ƙare a cikinsa, jirgi ya saki jiki. Farfela ta shaƙi iska.

Na ciro ta na kai rumfa. Na ɗora kowane kunne a kan bututu, na dinga bugun leɓensa da ƙaramar guduma har ya ɗan lanƙwaso ciki kamar bakin cokali, don ya riƙa kama ruwa. Kwana huɗu ina wannan, don in kunne ɗaya ya fi ɗan'uwansa lanƙwasa, jirgi karkarwa yake yi har ka ji a haƙoranka. Da ta daidaita ƙarar ta ragu, amma ba ta daina ba. Sai na lura in na ja buhunan baya, gindin jirgi ya ƙara zama cikin ruwa, indararo ya cika, shi ke nan shiru. Na jera su a baya, na yi kwana dama, na yi hagu, ko tari injin bai yi ba. Na ce na gama.

Abu ɗaya ya rage yana ba ni haushi. Girgizar inji tana warware jak ɗin a hankali; in na tashi a layi na biyar, kafin azahar ya zame ya koma na huɗu. Na ɗaure hannunsa da waya, wayar ta tsinke. Na sa igiya, ta saki. Ran nan da la'asar raina ya ɓaci, na ja jirgin da amalanke zuwa rumfa, na ɗauki sandar walda na ɗiga wa zaren jak ɗin ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na shafe shi da shuɗin fenti. Halinmu ke nan masu walda: in muka ga ƙarfe na motsi, ba ma tsayawa tambayar me ya sa aka yi shi yana motsi. Wata uku na ɓata ina ƙera abin da zai hau ya sauka, na kashe shi cikin ƙiftawar ido, kuma ban gaya wa kowa ba.

Duk gwajin nan a gaban idon wani dattijo na yi shi, shugaban masu fito. A gindin wata tsamiya yake wuni, yana da sanda da ya kafa a bakin ruwa, ya yi mata tsage-tsage, da ita yake sanin ko gulbi na hawa ko yana sauka. Bai taɓa yi mini dariya ba, ko lokacin garmar ruwa. Ranar da na ce na gama, ina sauke buhuna, ya kira ni.

“Buhunan ga naka suna da ladabi,” in ji shi. “Inda ka aje su, nan suke zama.”

Na ce to, Baba, laifi ne?

“Buhu bai jin tsoro,” ya ce, ya mai da kansa ga ruwa.

Na ji zafin maganar. Na ce a raina hassada ce, ya ga zan kashe masa sana'a. Kuma da na fara ɗaukar mutane sai abin ya zama kamar ni ke da gaskiya. Ranar kasuwar Gidan Rumji har layi ake yi, da buhunan wake, da moto, da kaji. Kowa in nuna masa inda zai zauna, can baya, ya zauna. Sau biyu ko uku mata sun firgita sun yi gaba gaba ɗaya, injin ya ƙwala ƙararsa, na daka musu tsawa suka koma, farfela ta kama. Duk baƙon da ya tambaya sai in dafa hannun jak in yi masa bayanin yadda nake ɗaga inji in sauke shi yadda na ga dama. Waɗanda suka yi mini dariya bara su ne suka fi kowa gaishe ni.

Ina da aboki Bafillace, rugarsu na gabas da gari. Ardo nake ce masa, ko da yake bai taɓa riƙe sarautar ko akuya ba. Shi kuma maƙeri yake ce mini, wai duk mai taɓa ƙarfe maƙeri ne, komai hasken wutarsa. Ni ke gyara masa amalanke, shi ke aiko wa iyalina nono. Shekarun baya wata cuta ta shiga garkensa ta share shi, har ya fara zancen tafiya gadi a birni. Sai wani tsoho da ke ƙetaren gulbi, wanda ba su haɗa ko kaka ba, ya aiko masa da karsana ja mai manyan ƙahoni. Habbanaye suke kiran wannan al'ada: a ba ka saniya ka riƙe, ka sha nononta, ta haifa maka uku duk naka ne, sannan ka mai da uwar ga mai ita da hannunka. Duk shanun da Ardo ke kora yau daga cikin jar saniyar nan suka fito. Ya sha gaya mini ranar da zai mai da ita ce babbar ranar rayuwarsa, ta fi ranar aurensa.

Wata safiya ya zo rumfata ya tsuguna. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare ya sake sabuwa, na san akwai magana. Ashe an aiko masa cewa tsohon ya kwanta, ƙafafunsa sun kumbura, ya daina cin abinci. Saniyar ta cika ukunta, tana ɗauke da na huɗu, wanda na mai ita ne, cikin kuma ya tsufa, ba za ta iya iyo a tsakiyar gulbi ba. Ya ce sallama ya zo yi mini. Gobe zai kora ta ta hanyar gada, kwana uku ne da tafiyar mai ciki, ga gonaki ko'ina sai an yi ta zagaye. Tsoronsa ɗaya, kada tsohon ya cika kafin ya sa masa igiyarta a hannu.

Bai roƙe ni komai ba, wannan ina so a sani. Ni na ce me zai kai ka tafiyar kwana uku, ga ni a zaune? Na ce kafin shayi ya tafasa na sauke ku a ƙetare. Ya ce shi fa ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba, kuma saniya ba moto ba ce. Na yi dariya, na ce na ɗauki abin da ya fi ta nauyi. Na yi ta zuba har ya ce to, don Bafillace ba ya iya ce wa aboki a'a sau uku.

Washegari sama ba ko ɗigon girgije. Amma tun daga nesa na ji muryar gulbi ta canza. Ruwan ya yi ja, ya yi kauri, yana tafe da kumfa da karan gero da tsummoki, har da wata matacciyar kaza tana juyawa. Sandar Baba saura tsaga ɗaya a waje. Masu fito sun fid da gorunansu sun kife a tudu, suna zaune. Can ƙasa, inda gulbi ya yi gwiwa, akwai wani ƙaton gawo da ruwa ya ci gindinsa ya faɗo ciki tun farkon damina. Ranar rassansa kaɗai ake gani, suna rawa, suna tare duk abin da ya biyo.

Ardo ya riga ni zuwa, yana tsaye da saniyar. Ya wanke ta, ya sa mata sabuwar igiya, shi ma ya sa rigarsa ta Salla. Baba ya dube su ya ce a bari sai gobe, ruwan ga hawa yake. Ardo kuwa ni ya duba. Mutane sun taru, har da masu zancen garmar ruwa. Na ce inji ba gora ba ne.

Baba ya taso, abin da bai saba ba, ya zo har gindin jirgi. Ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

“To, in ka rantse sai ka tahi, sabke injin ga ƙasa. Yau ruwa ya isa, babu yashin da za ka taɓa.”

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce tun kafin ya rufe baki. Layi na biyar na ƙaramin ruwa ne. Ranar layi na uku ake so, farfela ta nutse sosai yadda ko jirgi ya yi tsalle ba za ta fito ba. Kurfi da guduma suna rumfa, tafiyar da ba ta kai ta zuwa masallaci ba. Amma in na tafi ɗauko su, sai na tsuguna a gaban jama'a na sare waldar da na yi wa abin da nake ta cika baki yana hawa yana sauka. Na ji kunya ta rufe ni tun ban yi ba. Sai na juya wa mutane baya, na dafa hannun jak, na motsa kafaɗa kamar mai murɗawa.

Na ce, “Na sauke, Baba.”

Ya dubi farantin, ya dube ni. Idonsa ya yi rauni, ba ya ganin layin zarto. Ya koma gindin tsamiyarsa.

Maza shida suka kayar da saniyar a hankali saboda cikinta, aka ɗaure ƙafafunta bibbiyu, aka jawo ta kan katako zuwa cikin jirgi. Na shimfiɗa mata kara da ciyawa, na sa aka kwantar da ita can baya, daidai inda nake jera buhuna. Ardo ya shiga da bismilla, ya zauna a wajen kanta, ya naɗe igiyar wuyanta a hannunsa. Yana yi mata magana da Fillanci, ƙasa-ƙasa, yana shafa bayan kunnenta.

Mun tashi lafiya. Kashin farko ruwan a kwance yake, ja kawai yake yi. Na nufi sama kaɗan don ya sauko da mu daidai mafita. Injin na kuka daidai, fitsarinsa na zuba, har na fara jin zuciyata na sauka. Na ce a raina ga shi nan, tsoron banza.

Muna shiga tsakiya ruwan ya tashi tudu-tudu kamar kunyoyin gona. Goshin jirgi ya hau na farko ya faɗa, ruwa ya fantsamo ya watsu a fuskar saniyar. Ta yi wani kuka, ta shure. Ƙasan jirgi ƙarfe ne, ya jiƙe, karan da na shimfiɗa ya zama abin zamiya. Da goshin ya sake faɗawa ta zame gaba kamu guda, ta sake shurewa ta ƙara zamewa. Ardo ya bi ta da gwiwa yana riƙe da ƙahonta. Nauyi duk ya koma gaba, gindin jirgi ya ɗaga, indararo ya zubar da ruwansa. Sai injin ya ƙwala ƙarar nan.

Na rage wuta, na ƙara, na sake ragewa, ko farfela za ta kama. Ina! Iska take sara. Fitsarin inji ya yanke. Jirgi ya juya ya ba ruwa gefensa, muka fara tafiya inda gulbi ke so, gawon nan na ƙara girma a idona.

Murɗa biyu zuwa hagu, abin da ake bukata ke nan. Hannuna ya kai kan jak da kansa kafin hankalina ya tuna. Na murɗa, bai motsa ba. Na sa hannu biyu. Na tokare ƙafa da jikin jirgi na ja har fatar tafina ta saɓule. Ɗigon ya riƙe. Aikina ne, ban taɓa yin waldar da ta saki ba.

“Dawo baya, Ardo! Bar ta, dawo baya!”

Ya waigo. Ya gan ni ina kokawa da ƙarfen, ya daɗe yana kallo, ko kuwa ni na ga kamar ya daɗe. Bai dawo ba. Ruwa ya fara shigowa ta kusurwar goshi. Sai na ga ya zaro wuƙa daga ƙugunsa ya yanke igiyar ƙafafunta, na baya sannan na gaba. Daga baya na gane: ya ga kifewa za mu yi, bai yarda ta shiga ruwa a ɗaure ba.

Tana jin ƙafafunta a sake ta yunƙura, ta dafa gefen jirgi da ƙirji, ta faɗa ruwa. Saura kaɗan mu bi ta. Igiyar wuyanta na naɗe a hannun Ardo, ta fizge shi ya faɗi rub da ciki, hannunsa a miƙe a kan ruwa. Tana ja, gefen jirgi na shan ruwa, shi kuma ya ƙi saki. Ina jin sa yana yi mata magana, ba da ƙarfi ba, yadda yake yi mata a tudu. Ruwa ya kawo mini idon sawu. Sai ya ɗaga wuƙar ya yanke igiyar da kansa.

Nan take goshin jirgi ya tashi, ruwan da ke ciki ya gangaro baya, gindi ya zauna, farfela ta kama. Na ba shi wuta duka. Muka wuce ƙarshen rassan gawon suna kartar ƙarfe. Ita kuwa tana iyo, hancinta da ƙahoninta a sama, ta nufi ƙetare, ta san inda za ta. Ruwa ya fi ƙarfinta, ya kai ta cikin rassan. Ƙahonin nan da ake sha'awa su suka sarƙe. Na ga sun girgiza sau biyu, sannan ban sake ganinsu ba.

Na karya kan jirgi zan koma. Ardo ya ce bari. Na mai da kan jirgin ƙetare har muka taka ƙasa.

Ya tsaya a gaɓa, rigar Salla na zubar da ruwa, guntun igiya a hannunsa, fatar wuyan hannun ta yi jini. Ya kama hanya. Ban iya barinsa ya tafi shi kaɗai ba, na ɗaure jirgi na bi shi. Da muka hango rugar, mata sun share fili a gaban bukkar tsohon, an kafa sabon turke, har da ɗanyar ciyawa a gefensa. Suka fito suna duban bayanmu. Da ba su ga komai ba suka koma ciki ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon na kwance a kan tabarma, ya zama ƙashi in ban da ƙafafun. Ardo ya durƙusa ya sa masa guntun igiyar a hannu. Suka yi magana da Fillanci, ban ji ko kalma ba, amma na ga yatsun tsohon na bin igiyar har suka kai inda wuƙa ta yanke, suka tsaya a nan. Ardo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi. A al'adarsu in saniyar habbanaye ta mutu a hannunka ba a bin ka komai, ba a ma sake ambatonta. Na san da haka, kuma shi ya fi ci mini rai. Da tara aka ci ni, ko aka zage ni, da na sami inda zan tsaya.

Sai tsohon ya tambayi wane ne a bakin ƙofa. Aka gaya masa. Ya juyo da fuskarsa wajena, ya yi magana da Hausa.

“Sannu, maƙeri. Ka sa ranka cikin ruwa saboda saniyata. Allah ya saka maka.”

Ya sa aka kawo mini nono a sabuwar ƙwarya. Na sha, don ba a ƙi. Tun da nake ban taɓa haɗiyar abu da wuya irin nonon nan ba.

Da la'asar Ardo ya rako ni bakin gulbi. Ya ce shi zai zauna wajen tsohon. Ruwan ya riga ya fara sauka, har bakin wani tudu ya fito. Ina kwance jirgi ya matso, ya nuna jak ɗin da sandarsa.

“Maƙeri, ƙarfen nan da kake ta ja, me ya hana shi juyawa?”

Na ce tsatsa ce.

Ya dubi farantin, shuɗin fenti na ƙyalli, ko ƙwarzane babu. Ya ce, “To, tsatsa.” Ya yi mini sai wata rana, ya juya.

Da safe na ɗauko kurfi da guduma na sauko bakin ruwa. Ba kowa sai Baba a gindin tsamiya, sandarsa ta fito da tsaga huɗu, gulbi ya kwanta kamar ba shi ba. Na tsuguna na ɗora kurfi a kan ɗigon. Bugu uku ya tashi. Na kama hannun jak da yatsa biyu, ya juya sumul, inji ya sauka layi na uku. Baba ya ji ƙarar gudumar, ya san abin da ake sarewa da kurfi, ni kuwa ban ɗaga kai ba.

Har yau ina fito da jirgin, kuma har yau Ardo na aiko wa iyalina nono, yana kawo amalankensa gyara, yana ce mini maƙeri. Bai sake shiga jirgina ba, bai sake tambayata ba. Sau da yawa in yana tsugune a rumfata sai in ji maganar ta taso mini har maƙogwaro, sai wani ya shigo da aiki, in ji daɗin shigowarsa.

Hanyar gada kwana uku ce. Tsohon ya yi kwana tara kafin ya rasu. Da na je gaisuwa turken na nan a kafe a gaban bukkar, ba wanda ya cire shi.